Kwana ɗaya a ruwan zafin Termal da kuɗin ɗalibi

Ni mutumin Bauchi ne, saboda haka kafin in zo Turkiyya karatu, abin da na sani game da ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa bai wuce Wikki ba, can cikin Yankari. Ruwa garau, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, kana iyo gwaggon biri na leƙen jakarka. Da wani Baturke ɗan ajinmu ya ce min akwai irin wannan a tsallaken teku, kusa da Istanbul, sai na ce a raina me kuma za a nuna wa ɗan Bauchi. Ashe ba haka ba ne. Ruwan Termal a inda yake fitowa zafinsa ya haura digiri 55, sai an sirka shi ko an bar shi ya huce kafin mutum ya sa jiki.

Sau uku na je. Zuwan farko na kashe kuɗi kamar ɗan gwamna na dawo ina cizon yatsa. A na biyu na kusa kwana a tashar jirgi. Sai a na uku na gane kan abin, kuma shi zan shimfiɗa a nan domin ɗalibin da ke Istanbul, ko Kocaeli, ko Sakarya, ko Bursa, wanda sanyi ya shiga ƙashinsa, jarrabawa ta tatse shi, kuɗin da aka turo daga gida kuma saura kaɗan.

Termal ƙaramar gunduma ce a lardin Yalova, kimanin kilomita 12 daga bakin teku, a cikin wani kwari mai duhuwar itatuwa. Wuraren wankan na tarihi suna tsakiyar kwarin, a hannun hukuma, kowa ya biya ya shiga. Masaukai kuwa suna ƙauyuka biyu da suka sa kwarin a tsakiya, Gökçedere da Üvezpınar. Duk dabarar tana cikin wannan rabuwar: ruwan yana wuri ɗaya, gado yana wani wurin. Mai babban otal da mai ɗan ɗakin haya duk kwari ɗaya suke gangarawa. To me zai sa ka zuba kuɗinka a gado? Kuskurena na farko ke nan. Na biya ɗaki mai tsada saboda an rubuta cewa akwai ruwan zafin a cikin banɗaki, na je na tarar da baho ɗan ƙarami da ko ƙafata ban iya miƙewa a ciki ba, daga baya kuma na sake biyan kuɗin shiga ainihin gidan wankan.

Fara da zaɓen lokaci. Da bazara kada ka je. Daga watan Yuni zuwa Agusta garin cike yake da baƙi daga ƙasashen Larabawa, har allunan shaguna a Gökçedere da Larabci aka rubuta da yawansu, kuma farashin ɗaki da su ake auna shi, ba da kai ba. Hutun sallah ƙarama da babba ma haka. Akwai kuma hutun rabin shekara na 'yan firamare da sakandare, mako biyu wajen ƙarshen Janairu, lokacin da iyaye ke kwaso yara su taho. Lokacinka shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, bayan an gama jarrabawar tsakiyar zango da muke kira vize, ko kuma ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. Ɗakuna a buɗe suke, masu su na zaune bakin ƙofa suna shan shayi, kuma gaskiya ruwan zafi bai da wani daɗi sai iska na kaɗa kunne.

Kwana ɗaya ya isa. Ka fita Asabar da sassafe, ka dawo Lahadi da yamma. Masu tafiya tun daren Juma'a kuɗin kwana guda kawai suke ƙarawa, domin su isa cikin duhu su kwanta.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku zama runduna. Uku ko huɗu shi ne daidai, domin yawancin masaukan nan masu arha irin wanda suke kira apart ne: ɗaki da falo da ɗan kicin, kuɗin na ɗakin ne gaba ɗaya, ba na kai ba. Mu uku muka je a karo na ƙarshe, ni da wani ɗan Kano mai karatun likita da wani ɗan Zinder da ke karatun injiniya. Da muka raba kuɗin kwanan tsakaninmu mu uku, abin da ya faɗo kaina bai kai kuɗin jirgin zuwa da dawowa ba.

Maganar kuɗi: duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san farashi ba ya kwana inda ya yini. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a hukumance ta haura kashi 85 cikin ɗari, kuma har yau lira ba ta zauna ba. Saboda haka kada ka yi lissafi da abin da wani ya ce ya kashe bara. Daren Alhamis ka duba kuɗin jirgi a wayarka, ka buga wa masauki biyu ko uku, sannan ka kasa kuɗinka kashi biyar: na hanya, na kwana, na wanka, na ci, da na biyar wanda ba a taɓawa. Na biyar ɗin ya kai kuɗin motar da za ta dawo da kai Istanbul ta ƙasa. Ka naɗe shi ka sa a aljihun ciki na rigar sanyi, ka manta da shi. Zan faɗi dalili in mun zo dawowa.

Hanya mafi daɗi ita ce ta ruwa. Jiragen ruwa na kamfanin İDO suna tashi zuwa Yalova daga Yenikapı a ɓangaren Turai, tafiyar kamar awa ɗaya da kwata, da kuma daga Pendik a ɓangaren Asiya, kamar minti arba'in da biyar. Jirgin ƙasa na Marmaray yana tsayawa a duka biyun, kuma da katinka na ɗalibi na İstanbulkart kuɗin isa can ba wani abu ba ne. Ka kwatanta farashin tashoshin biyu kafin ka saya, ko da kana zaune a ɓangaren Turai; wani lokaci ƙarin zaman Marmaray zuwa Pendik yana rage maka abin da zai saya maka abincin rana. Ka sayi tikiti tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Kuma ka riƙe wannan tambayar a bakinka duk inda za ka ciro kuɗi: "Öğrenci indirimi var mı?", wato akwai ragin ɗalibai? Ba kullum ake cewa e ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Katin makaranta da katin zama, ikamet, su kasance a jikinka. Ba masaukin da zai ba ka ɗaki ba tare da ya rubuta shaidarka ba.

Da hunturu gari ba ya wayewa da wuri. Tun 2016 Turkiyya ta daina sauya agogo, don haka a Disamba rana ba ta fitowa a Istanbul sai bayan ƙarfe takwas. Idan jirginka na safe ne, ka fita da alwala ka yi asuba a masallacin kusa da tasha. Ka hau jirgi da simit biyu da ka saya a waje, wannan burodin mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, domin na cikin jirgi da shayinsa farashinsu daban ne.

Kana sauka a Yalova, kada ka kula masu tasi. 'Yan ƙananan motocin haya da ake kira dolmuş suna nan kusa da tashar, irin hayis ɗinmu ne sai dai babu kwandasta. Ka nemi wadda aka rubuta Termal a gabanta. Ka riƙe 'yan canji. In ka zauna a baya, ka taɓa kafaɗar na gabanka ka miƙa masa, kuɗin zai bi hannu-hannu har wurin direba, canjinka ya biyo hanya ya dawo. Farkon zuwana ƙasar nan wannan abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Cikin rabin awa kun isa. Amma kafin ka hau, ka shiga ɗaya daga shagunan nan masu arha, BİM ko A101 ko Şok, ka yi cefane: ƙwai, taliya, tumatir, albasa, burodi, ganyen shayi, da ruwa babbar gora. Yaji kuwa daga ɗakinka za ka taho da shi. Ɗan Zinder ya zo da kilishin da aka aiko masa, wanda ya ɓoye mana wata biyu, sai a Termal asirinsa ya tonu.

Neman ɗaki. Ka sani cewa tun 2017 Booking.com ba ya ba wanda ke cikin Turkiyya damar kama ɗaki a cikin ƙasar, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Taswirar wayarka za ta nuna maka masaukan da lambobinsu. Ka kira, ka ji farashi, amma in ba lokacin cunkoso ba ne kada ka tura kuɗi. Ka sauka a Gökçedere ka taka da ƙafa. Waɗanda ke kan babban titi sun fi tsada. Ka hau layi ɗaya ko biyu sama, farashi na sauka kana hawa.

Ciniki a nan da harshe ake yinsa. Idan ka shiga da Turanci, ko ka yi sallama da Larabci mai kyau irin na ɗan islamiyya, an sa ka a layin baƙin bazara. Ɗan Kano ya yi mana wannan a gidan farko, aka yanka mana kuɗin da muka fito ba ko waiwaye. A gida na uku ni na shiga gaba. Wata dattijuwa ce zaune kusa da murhu tana saƙa. Na ce, "Kolay gelsin, teyze," wato sannu da aiki, inna. Ta ɗago ta dube mu ta saman tabarau. Na ce mata mu ɗalibai ne, mu uku, kwana ɗaya. Ta tambayi me muke karanta. Da ta ji akwai mai karatun likita, sai ta ajiye saƙar ta shiga ba shi labarin gwiwarta, ya tsuguna yana saurare yana gyaɗa kai kamar wanda ya shekara goma a asibiti, alhali yana aji biyu. Ta rage mana kuɗin, ta kuma aiko jikanta da faranti na zaitun. Kafin ka biya, ka shiga ka duba abu uku da idonka: na'urar ɗumama ɗaki tana aiki kuma kuɗinta na cikin na ɗakin, akwai tukunya da gas a kicin, da ƙarfe nawa ake so ku fita gobe. Ka roƙi a bar ku ku ajiye jakunkuna bayan kun fita.

Daga Gökçedere zuwa wuraren wanka tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, ta cikin lambu. Shiga lambun ba a biya. Manyan itatuwan çınar ne ko'ina, ga rafi na bi ta tsakiya yana tururi da sanyin safiya. Mutane sun daɗe suna zuwa nan: tun zamanin Rumawa ake wanka a kwarin, sarakunan Daular Usmaniyya suka gyara, Atatürk kuma, shugaban Turkiyya na farko, ya so wurin har ya gina gida a ciki a 1929, yana nan har yanzu. Abin da ke dafa ruwan shi ne tsagewar ƙasa da ta ratsa arewacin Turkiyya. Ruwan sama na nitsewa can ƙasa inda duwatsu ke da zafi, ya ɗumama, ya biyo tsagar ya fito. Tsagar nan ce dai ta motsa ranar 17 ga Agustan 1999 ta rusa gidaje a Yalova da Gölcük da İzmit, dubban mutane suka rasu. Dattijuwar masaukinmu ta ce tun ranar ba ta ƙara kwana da ƙofar ɗakinta a kulle ba.

Yanzu wane wanka za ka biya? A nan ne ya kamata ka tsaya ka yi tunani, domin sau ɗaya za ka biya.

Akwai Kurşunlu, tsohon gini mai ƙubba wanda sunansa ya samo asali daga darmar da aka rufe samansa da ita. An gyara shi a 1900 zamanin Sarki Abdulhamid na biyu. Kusa da shi akwai babban kwamin wanka a fili, wanda hotonsa ne ake tallata garin da shi, tururi na tashi itatuwa sun kewaye. Sai dai wannan na fili maza da mata haɗe ne. In wannan bai kwanta maka ba, kamar yadda bai kwanta mana ba, ka nufi Valide, inda ɓangaren maza daban na mata daban. Valide na nufin uwa, kuma ana danganta sunan da mahaifiyar Sarki Abdulmajid wadda aka ce ta yi jinya da ruwan nan. Sai kuma ɗakunan wanka na keɓe da ake haya da awa, masu ɗan kwamin marmara a ciki, ka rufe ƙofarka. Ga ma'aurata wannan shi ne ya dace, su dai riƙe takardar aurensu don ana iya tambaya. Ga ɗalibai uku gwauraye, Valide ta fi arha kuma ta fi armashi.

'Yan'uwa mata, wata ƙanwarmu 'yar Katsina da ta je da ƙawayenta ta ce ɓangaren mata a rufe yake ruf, ma'aikatan duk mata ne, kuma ta fi sakewa da safe kafin iyaye mata su cika wurin da yara. Ki tafi da kayan wankan da kika saba, masu rufe jiki irin wanda Turkawa ke kira haşema ana samunsu a kasuwa, da hular roba ta gashi, domin wasu wuraren ba sa bari a shiga kwami babu ita.

Duk abin da za a ba ka haya ko a sayar maka a bakin ƙofa, ka zo da naka: tawul, silifas na roba, sabulu, gajeren wando mai kaiwa gwiwa, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Ana ɗaura wani zane mai ratsi-ratsi da suke kira peştemal daga cibiya zuwa gwiwa, kuma Turkawa ba sa tsiraici a gidan wanka, don haka hankalinka ya kwanta. Abu ɗaya da za ka saya tun a Istanbul shi ne kese, 'yar safar hannu mai kaushi ta cuɗa jiki, kuɗinta bai fi na shayi biyu ko uku ba. Akwai mai cuɗa a ciki wanda ake biya daban. In kuna da yawa, ku cuɗi juna, kuɗin ya zauna a aljihu.

Ga yadda ake yi. Kana shiga kada ka faɗa kwami. Ka zauna gefen ɗaya daga ƙananan kwatarniyoyin marmara da ke jikin bango, ka sirka ruwan da famfo biyu, ka riƙa kwarara wa jikinka da ɗan kwanon da ke wurin har jikin ya saba. Ba a sa sabulu ko ƙafa a cikin kwatarniyar, ɗiba ake yi. In gumi ya fara tsattsafowa, fata ta yi laushi, sai a kawo kese, kafin sabulu. Ni da nake ganin kullum ina wanka, da ɗan Zinder ya ja safar nan a bayana sau uku sai ga datti na murɗewa yana zubowa kamar an murza tuwon jiya. Ya ce, "Malam, wannan tun na Bauchi ne ka taho da shi." Da na karɓi safar na juya kansa, bakinsa ya mutu. Bayan an ɗauraye tas, sannan a shiga kwami.

Kada ka wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a cikin ruwan a zama ɗaya. Na san abin da zuciya ke raya wa wanda ya biya kuɗi: sai na ci kuɗina. Ni ma ta raya min a zuwan farko. Na yi kusan minti arba'in, da na miƙe sai ƙubbar ta fara juyawa, kunnena ya toshe, na ji wani dattijo ya riƙe min hannu yana cewa "Otur oğlum, otur," zauna ɗana, zauna. Ya zaunar da ni a wuri mai sanyi ya sa aka kawo min ruwa. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka, in ka miƙe da sauri kai ya rasa rabonsa. Ka fita, ka huta, ka sha ruwa, ka koma. Kada ka shiga da cikakken ciki, kada kuma ka shiga da yunwa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da mai juna biyu su tambayi likita tukuna.

Dattijon nan, da ya ga na dawo hayyacina, sai ya tambaye ni daga ina. Na ce Nijeriya. Ya daki cinyarsa ya ce "Okocha!" Masoyin Fenerbahçe ne, yana tuna shekarun da Okocha ya yi musu wasa daga 1996 zuwa 1998. Samari kuwa yanzu Osimhen za su ce maka. Za a kalle ka a gidan wankan, wannan babu makawa, baƙar fata ba ta da yawa a wurin. Mafi yawa kallon son sani ne, kuma yana ƙarewa da tayin shayi. In ka fito wani ya ce maka "Sıhhatler olsun", fatan lafiya yake maka, ka ce "Sağ ol."

Abin da babu Baturken da zai gaya maka: ka zo da man kaɗe ko basilin. Ruwan zafi da kese suna kwashe maiƙon fata gaba ɗaya, in ka fito iskar hunturu ta buge ka, kafin ka isa masauki ka yi fari fat kamar wanda ya yi dambe a toka. Ka shafa tun a ɗakin sa kaya. Ka kuma rufe kanka da hula kafin ka fita.

A cikin lambun akwai 'yan maɓuɓɓugai da aka sa wa suna, na ciki, na ido, na ƙafa, mutane na tsayawa su kurɓa ko su wanke fuska. Ka ɗanɗana in kana so, kurɓi ɗaya ko biyu. Na ga masu cika jarka suna kaiwa gida, ni dai ban ga dalilin ɗaukar kaya ba.

Abinci: rana ɗaya ku ci a waje, sauran ku dafa. Ku guji gidajen abincin da ke da hotuna a ƙofa da mai kira. Ku nemi lokanta irin ta ma'aikata, inda tukwane ke jere a bayan gilashi kana nunawa ana zuba maka. Miyar mercimek, wadda ake yi da wasu ƙananan wake ja, ita ce abokiyar ɗalibi, domin burodin da ke kan tebur yawanci ba a lissafa shi. Kwano ɗaya da rabin kwandon burodi, ka matsa lemun tsami ka barbaɗa barkono, ka tashi da ƙarfinka. Babu fargabar halal a nan, wannan kam Turkiyya ta hutar da mu. Da dare muka dafa taliya da ƙwai da yaji, muka yayyaga kilishi a kai, muka ci a tukunya. Bayan wankan nan barci ba ya neman izini. Ɗan Kano ya ɗauko littafinsa wai zai duba darasi, muka same shi da safe littafin na kan fuskarsa.

Mun ɗan yi gardama a kan ƙasaru. Ɗan Zinder ya ce ta teku tafiyar ba ta kai mil arba'in da takwas ba, ɗan Kano ya ce ta mota ta kai har ta wuce. Babu wanda ya sauka daga kan bakansa, sai muka tafi masallacin ƙauyen muka bi liman muka cika.

Ranar Lahadi kana da zaɓi biyu, duka kyauta ko kusa da haka. In ƙafarka na da ƙarfi kuma ba a yi ruwa ba, akwai magangarar ruwa ta Sudüşen a cikin daji bayan Üvezpınar, tafiyar 'yan kilomitoci ce mai hawa, ka ware mata rabin yini zuwa da dawowa, da takalmi mai kama ƙasa. In an kwana ana ruwa, ka haƙura, taɓo ne. Sai ku sauko Yalova da wuri ku bi bakin teku. Akwai wurin tunawa da waɗanda girgizar ƙasar ta kashe, an rubuta sunayensu a jikin marmara. Akwai kuma gidan da ake kira Yürüyen Köşk, wato gida mai tafiya. A 1930 reshen wata bishiyar çınar ya fara taɓa ginin, aka nemi izinin Atatürk a sare shi, ya ce a bar reshen a matsar da gidan. Aka haƙa ƙarƙashinsa aka shimfiɗa ƙarafan dogo aka ja shi mita 4.80. Bishiyar na nan, gidan na nan. Na tsaya ina kallonta ina tuna itatuwan da aka sare a unguwarmu don a faɗaɗa shago.

Saura dawowa, da kuɗin nan na aljihun ciki. Akwai wata iska da ke tasowa daga kudu maso yamma a tekun Marmara, sunanta lodos, ta fi yawa da hunturu, wato daidai lokacin da na ce ka je. In ta taso da ƙarfi ana soke jiragen ruwa, kuma babu wanda za ka kama da laifi. A zuwana na biyu ta same ni. Na iso tasha da yamma da tikitina a hannu, na ga allo ya yi ja, mutane na juyawa. Kuɗin tikitin za a mayar, amma ba a daren ba, ni kuwa na kashe na hannuna tas har da sayen wani kayan zaki na madara da garin ya yi suna da shi, wai tsaraba. Sai da na kira wani ɗan'uwa a Istanbul ya turo min, bayan na sha kunya da sanyi awa biyu.

Don haka tun safiyar Lahadi ka duba hasashen iska da saƙonnin kamfanin jirgin. Kada ka sayi jirgin ƙarshe na dare; ka ɗauki na la'asar, in an soke shi kana da sauran rana. In an soke, ka hau dolmuş zuwa tashar manyan motoci ta Yalova ka nemi bas mai zuwa Istanbul. Tun da aka buɗe gadar Osmangazi a 2016 ba sai an zagaye tekun İzmit ba, hanyar ta ragu sosai, sai dai cunkoson shiga Istanbul daren Lahadi. Ka duba kujera a manhajar obilet tun kana cikin dolmuş, domin duk wanda aka soke wa jirgi can ya nufa. In bas ɗin na tsayawa a ɓangaren Asiya, ka sauka a can ka kama Marmaray ko metro maimakon ka zauna cikin cunkoson gada.

A karo na uku teku ta kwanta lumui, muka shigo Pendik ana kiran magariba. Na ciro kuɗin aljihun ciki yadda na naɗe su, na mayar cikin littafin da nake ajiyarsu. Jiƙaƙƙen tawul ɗin ne kawai na manta a leda har ranar Laraba.